Ruwan da Na Ƙi Sha a Kwahu

Tun ranar Alhamis na fara jin warin makirci a gidana. Hamamatu, matata, wadda ko matakalar masallaci za ta hau sai ta tsaya ta yi wa gwiwarta jaje, ita ce ta ajiye mini koko da ƙosai ta ce wai ran Asabar za mu hau dutsen Kwahu yawon buɗe ido.

"Baban Basma, daga Turai ma zuwa ake yi," in ji ta. "Akwai fada tun ta kakannin kakanni, ga gidajen bene, ga iska mai sanyi."

"Ga Manhyia, fadar sarkin Asante, nan a bayan gidanmu a Kumasi," na ce. "Tun ina yaro nake wucewa ta ƙofar fadar ban taɓa leƙawa ba, kuma ban ji an ce Tonawa masu fadar sun yi kewata ba."

Da yamma sai na tarar an kai farar rigata ta Sallah wurin mai guga.

Ni mai goro ne, ɗan mai goro. Mahaifina bai bar mini gida ko gona ba, hali guda ya bar mini: in an kawo maka huhun goro ka ga samansa jawur sumul, zura hannu har ƙasa. Sai na zura. 'Yata Basma nas ce a babban asibitin nan na wajen Bantama, shekararta ashirin da bakwai, kuma ita kaɗai ta rage mini a gida. Yayyenta maza duk sun watse, sai murya a waya. Ita ke auna mini jini, ita ke ɗauke gishiri daga gabana, ita kaɗai ce ke dariya in na ba da labarin da kowa ya riga ya ji. To kwanan nan ta ɗauki wata ɗabi'a, in waya ta shigo sai ta koma bayan randa ta juya harshe zuwa Tonanci, kamar ba a Kumasi aka yanke mini cibiya ba. Da kunnena na ji ta ambaci Kwahu, na kuma ji ta ce, "Baba bai sani ba tukuna."

Ba aure nake ƙi ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Ta kawo ɗan unguwar Aboabo ko na Sawaba, nan cikin gari, inda zan taka da ƙafata in je in ci tuwo in yi musu gyara a zaman aure, bismilla. Amma kan dutse? Wanda ya ɗauke mini Basma zuwa kan dutse ai ya kashe mini fitilar gida.

Ran Asabar Abdul-Wadud, ƙanen Hamamatu, ya zo da tasinsa. Da ya buɗe bayan mota na ga doya, na ga katan ɗin lemo, na ga wani ƙunshi a ganye wanda ko a mafarki zan gane shi. Gorona ne, daga shagona, irin manyan farare da nake ɓoye wa masu ɗaurin aure.

"Tun yaushe ake kai wa dutse goro?" na tambaya.

"Akonta, shiga mu tafi," in ji shi. Haka yake kirana, suruki ke nan da Tonanci. "Rana na yi."

Muka bi ta Ejisu, muka wuce Konongo. Mata biyu a baya sun yi tsit, kuma duk mai iyali ya san shirun mace biyu a wuri guda ba na banza ba ne. A Nkawkaw, gindin dutsen, muka tsaya na ci shinkafa da wake har da ƙwai da taliya, na kora da shayi, na jefa ɓarin goro a kunci. Daga nan hanya ta miƙe tsaye. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, dama bangon dutse, hagu ramin da ba a ganin ƙarshensa sai kan bishiyoyi. Kunnena ya toshe. Hamamatu mai ciwon gwiwa sai cewa take, "Masha Allah, dubi kyau."

Ba zan faɗi sunan garin ba, don har gobe ina jin kunyar mutanensa. A bakin tasha wani dogon mutum ke jiranmu, baƙi mai sheƙi, farar taguwa, takalmi ya sha mai. Kafin mota ta gama tsayawa ya buɗe wa Basma ƙofa ya karɓi jakarta.

"Akwaaba, sannunku da zuwa! Anti Nas, kin iso. Wannan ne Papa Brimah? Sunana Ofosu."

Ban gaya masa sunana ba. Na dube shi daga sama har ƙasa kamar yadda nake duban huhun da aka yi wa kwalliya, ban sami tsutsa ba, kuma hakan ya fi komai ɓata mini rai.

Ya ce kafin a fara yawo sai mun gaida Nana Afrakoma, uwar sarautar garin, gwaggonsa ce. Gwaggonsa! Na juya na dubi Hamamatu, ita kuwa ta sami wani abin sha'awa a jikin ɗankwalinta.

Gidan tsoho ne ƙwarai, ɗakuna huɗu sun kewaye tsakar gida, gindin bangon an shafe shi da jar ƙasa yana ƙyalli. Tsohuwar na zaune a kan kujerar icce, 'yar ƙarama, gashinta a aske an shafa masa baƙi, idanunta kuwa kamar na mai sayen zinariya. Dattawa na gefenta. A gabanta wani tsoho mai sanda yake tsaye, shi ne okyeame, mai magana da yawunta. A irin wannan zama ba a yi wa mai sarauta magana kai tsaye. Ka faɗa wa mai sanda, shi ya miƙa, ko da kuwa tana jin numfashinka.

Muka gaisa daga dama zuwa hagu yadda ake yi, aka ba mu kujeru. Ni dai ƙwaƙwalwata na ta aiki. Na san al'adar mutanen nan sarai. Baƙo in ya zauna, ruwa ake fara ba shi. Sai ya sha sannan a tambaye shi abin da ke tafe da shi, kafin nan ba a buɗe kowace magana. Na kuma san a wajen neman aurensu, uban yarinya in ya karɓi abin sha ya buɗe ƙofa ke nan, kamar yadda karɓar goron gaisuwa yake a wurinmu. Sai na haɗa biyu da biyu na sami dabarar da a lokacin na ɗauka ko alƙali ba zai yi irinta ba. In ban sha ba, ba tambaya. In ba tambaya, ba magana. Mu gaisa mu kama hanya da 'yata.

Wata mata mai goyo ta kawo ruwa a kofunan gilashi, ta durƙusa ta fara da ni.

"Na gode," na ce da Tonanci. "Azumi nake."

Na manta da goron da ke kuncina. Abdul-Wadud ya dube ni, ya dubi jajayen haƙorana, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Hamamatu ta ce a hankali, "Innalillahi." Na haɗiye goron ɗungurungum, ya tsaya mini a ƙirji.

Mai sanda ya juya da nutsuwa ya shaida wa Nana cewa babban baƙo yana azumi. Tsohuwar ta daɗe tana kallona. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, shi kuma ya ɗaga murya.

"Nana ta ce abin Allah ba a wasa da shi. Ta ce a gidan nan ba a tambayar baƙo da busasshen maƙogwaro. Saboda haka za a jira rana ta faɗi. Kafin nan Ofosu zai zaga da ku ku ga gari."

Ko azahar ba ta yi ba.

Haka na fara yawon buɗe idon da ban taɓa yin irinsa ba. Ofosu ya kai mu fadar sarki, ya nuna mana manyan tambura da aka rufe da farin ƙyalle, da laimomi a naɗe, da wani dutse a tsakar fili inda ya ce nan kakanninsu suka fara sauke kaya da suka hawo suna gudun yaƙi. Ya ce daga nan sama suke hango maƙiyi tun yana tafiyar yini. Na ce a raina, ni ma na hango nawa, ga shi yana riƙe wa 'yata jaka.

Muka bi wani titi da gidajen bene suka yi layi, masu ginshiƙai da zakunan siminti a bakin ƙofa, duk a kulle. Na 'yan kasuwar garin ne da ke Accra, ba sa zuwa sai bikin Ista ko jana'iza. Awaki ne ke kwance a barandar da ko ministoci za su yi sha'awa.

"Wanne ne naka?" na tambayi Ofosu.

Ya yi dariya. "Papa, ni malamin makaranta ne. A gidan gwaggo nake."

Wato ko gida ba shi da shi. Na ajiye wannan a gefe, zai yi amfani.

Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne tambayoyin Hamamatu. Mai yawon buɗe ido yakan tambayi shekarun gini. Ita kuwa sai, ruwan famfo na zuwa kullum? Ana ɗauke wuta sosai? Akwai mahauci Musulmi? Ofosu na amsawa kamar mai cin jarrabawa. Daga nan ya karkata da mu zuwa asibitin garin, wai shi ma abin gani ne, ya tsaya yana nuna wani sabon gini da alfahari.

"Ga ɗakin haihuwa nan. Bara aka buɗe."

Basma ta tsaya tana kallon ginin, fuskarta ta yi wani haske. Na ce a raina, la'ilaha illallahu, har lissafi ya kai nan?

Da azahar aka kai ni masallacin ɗan ƙaramin zangon garin. Ashe labari ya riga ni. Liman, wani dattijo Bazabarme, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce ya ji an yi baƙo daga Kumasi mai azumin nafila a cikin tafiya, irinmu sun yi ƙaranci a wannan zamani. Ya rantse sai na ja salla. Wajen alwala na kurkure baki, ruwan dutsen nan mai sanyi kamar daga firji, na riƙe shi a baki fiye da yadda shari'a ta nema, na tofar ina kallonsa yana bin rariya. Bayan sallama liman ya ce, "Allah ya karɓa, Malam." Na ce amin, don ban san me ake cewa ba in ba amin ba.

Su kuwa aka kawo musu sakwara da miyar kaza a inuwar wata bishiya. Hamamatu ta zauna daidai inda zan gan ta.

"Malam mai azumi, matsa can kada ƙanshi ya rage maka lada."

"Ki ci lafiya. Akwai ranar bayani."

"Ai yau ce, in ka bari."

"Akonta," in ji Abdul-Wadud yana tsotsar ƙashi, "ƙwan Nkawkaw sahur ne?"

Da la'asar Ofosu ya ce saura abu guda, bakin dutse. Muka bi wata siririyar hanya cikin gonakin koko da ayaba, harshena ya zama kamar tsohon silifa. Kwatsam sai bishiyoyi suka ƙare, duniya ta buɗe. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba, ban taɓa ganin abu mai kyan wannan ba. Nkawkaw na can ƙasa kamar an watsa gero a tabarma, manyan motoci na rarrafe kamar kiyashi, gajimare yana wucewa ƙasa da ƙafafunmu. Shaho na shawagi, muna kallon bayansa. Iska ta cika mini riga.

Basma ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta kama hannuna, na ɗauka soyayya ce, ashe bugun jini take ji.

"Baba, don Allah ka sha ruwa. Ba wanda zai ce komai."

"Ki gaya mini abin da ya kawo mu."

Ta buɗe baki, ta waiwaya wajen uwarta, ta rufe. "Garin ya yi maka kyau?"

"Kyan ɗan maciji."

Idonta ya ciko, ta saki hannuna. Wannan ya fi ƙishirwar ciwo, amma ban sauka daga kan dokina ba.

Rana ta faɗi muna tsakar gidan Nana. Kowa ya koma mazauninsa na safe, har an sami ƙarin dattawa, ina jin waɗanda suka zo ganin waliyyin Kumasi ne. An aika zango an samo dabino, an dama koko, matar nan mai goyo ta sake durƙusawa da ruwa. Na so in tsaya yanga, hannuna bai saurare ni ba. Na shanye kofi, na shanye na Abdul-Wadud.

Mai sanda ya buga sandarsa a ƙasa ya faɗi abin da suke faɗa wa kowane baƙo: "Nan gida lafiya lau. Mun sani, amma mukan tambaya. Me ke tafe da ku?"

Abdul-Wadud ya fara gyara riga zai miƙe, wato shi aka shirya ya yi magana. Na riga shi.

"Okyeame, ka ji ka isar wa Nana," na ce, da Tonancin da na adana don rana irin wannan. "Ni Brimah, daga Zongon Kumasi. An kawo ni nan a rufe kamar goro a ganye, amma ni ba yaro ba ne. Na sha ruwanku don ƙishirwa, ban sha don amincewa ba. Wannan saurayi," na nuna Ofosu, "ba ni da abin faɗa a kansa, yana da ladabi, takalminsa ma na da kyau. Amma 'yata ba zan ba shi ba. Ko gida ba shi da shi."

Har jaririn da ke goye ya daina motsi. Ofosu ya dubi bayansa ko akwai wani saurayin. Matar da ta kawo ruwa ta miƙe da tire a hannu ta dube shi.

"Ofosu, aure za ka ƙara ban sani ba?"

"Wallahi... Yesu shaidata ne, Akosua!"

Abdul-Wadud ya zame daga kan kujera. Dattawa suka rufe baki da gefen zane. Hamamatu ta ɗora hannu biyu a ka. Basma ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta taso ta durƙusa a gabana, ta yi magana da Hausa, a hankali.

"Baba, ba aure ba ne. Aiki ne. An ba ni riƙon ɗakin haihuwar nan da ka gani, ni na nema. Nana ta yi jinya a wurinmu bara, ni na kula da ita. Da ta ji, ta ce in zo in zauna a gidanta, amma ba za ta karɓi 'yar mutane ba sai uban ya kawo ta da ƙafarsa, ya faɗa da bakinsa."

"Me ya hana ku gaya mini a gida?"

"Da ka zo?" in ji Hamamatu. "Da yanzu kana kwance kana cewa jininka ya hau."

Duk wanda ke wurin ya ga amsar a fuskata. Na zauna. Abin dariyar shi ne ban yi kuskure ba gaba ɗaya. Ɗauke ta za a yi, kan dutsen nan kuma, sai dai ba wanda zan tsana. Da Ofosu ne, da na sami abokin faɗa har ƙarshen rayuwata.

"In ka ce a'a, a'a ce," in ji Basma, tana kallon ƙasa. "Zan gaya musu su ba wata."

Ta faɗa da gaske, na san 'yata. Za ta koma Kumasi ta ci gaba da ɗauke mini gishiri, ta yi dariyar labaraina, kuma ba za ta sake ambaton maganar ba. Na tuna yadda ta tsaya tana kallon ginin nan ɗazu. A gidana ban taɓa ganin ta kalli wani abu haka ba.

Mai sanda ya yi gyaran murya. Duk wannan hayaniya bai juya wajen Nana ba ko sau ɗaya.

"Papa Brimah," ya ce, fuskarsa ba alamar wasa, "iskar garinmu tana da ƙarfi da yamma, ni kuma kunnena ya tsufa. Ban ji abin da ka faɗa ba, saboda haka Nana ba ta ji komai ba tukuna. Me ke tafe da ku?"

Na dubi tsohuwar. Tana zaune taku uku daga inda na tsaya na yi ihu, amma ta kafa ido a kan wata kaza da ke wucewa kamar ba ta taɓa ganin kaza ba.

Na sake miƙewa.

"Okyeame, ka isar wa Nana. Na kawo 'yata Basma, za ta yi aiki a garinku. Amana ce. Ba ta cin naman da ba a yanka ba, ba ta son a tashe ta da ihu, kuma in ta ce lafiya lau take, a sake tambaya." Na nuna ƙunshin ganyen nan. "Ga goro nan mun kawo. Mai kyau ne, ni na san inda aka sato shi."

Ya juya ya isar, kalma bayan kalma, har da satar. Nana ta miƙa hannu, Basma ta je ta durƙusa, tsohuwar ta dafa kanta ta yi magana mai tsawo. Mai sanda ya taƙaita mini: ta karɓa, kuma duk ranar da na ga dama in hawo, akwai ɗaki, akwai ruwa.

Bayan na yi magariba na ce sai an nuna mini ɗakin da za ta zauna. Na girgiza ƙofar, na gwada sakata, na leƙa ƙarƙashin gado. Tagar na kallon kwari, sanyi na shigowa ta gefen katako.

"Wannan tagar sai an gyara," na ce.

"To, Baba."

"Yaushe za ki fara?"

"Farkon wata."

"Ni zan kawo ki. Ki ɗauki bargona mai kauri, na kan sif. Abin auna jinin kuma ki bar shi a gida, ki koya wa uwarki."

"Mma ba ta da haƙurin koyo."

"Ta koya," na ce. Na sake girgiza sakatar, ko da yake na riga na san lafiyarta lau.